Madatsar Ruwa ta Kainji: Siffofinta da Matakan Kiyaye Haɗari

Gabatarwa

Wannan maƙala za ta yi tsokaci a kan madatsar ruwa ta Kainji da ke kan Kogin Kwara a Jihar Neja. Za a duba yadda aka gina ta, da yadda take samar da wutar lantarki, sannan a nazarci abubuwan da ke iya jefa ta cikin haɗari yanzu da ta haura shekara 50.

Tarihi da Siffofi

An fara ginin madatsar a 1964, aka kammala a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a 1969. Tsayinta ya kai kimanin mita 65. Tsakiyarta, inda injina da ƙofofin sakin ruwa suke, ginin kankare ne, ɓangarorinta kuwa tulin ƙasa da duwatsu ne da aka daddaɓe. An tsara ta domin injina 12, amma 8 aka girka zuwa 1978, masu ƙarfin megawat 760. Tafkin da ya taru a bayanta ya kai tsawon kimanin kilomita 135. Shi ne ya cinye tsohon garin Bussa, aka mayar da mutane fiye da 40,000 zuwa Sabuwar Bussa da wasu sababbin ƙauyuka.

Yadda Take Aiki

Ruwan da aka tare yana gangarowa da ƙarfi ta manyan bututu, ya juya farfelar injin, ita kuma ta juya janareta. Ke nan yawan wutar ya danganta da zurfin ruwan da ke tafkin. Kwara kan kawo ruwa sau biyu a shekara. Na farko shi ne farin ruwa, mai laka, na daminar yankinmu, wanda ke isowa wajen watan Satumba. Na biyu shi ne baƙin ruwa, wanda ke tasowa daga tsaunukan Gini, ya daɗe a fadamun Mali, ya iso da rani bayan lakarsa ta kwanta.

Ina Haɗarin Yake?

Abu na farko shi ne cikar tafki fiye da ƙima. Ruwa in ya bi ta saman bangon ƙasa, zaizaye shi yake yi har ya ɓalle. Domin haka ne ake buɗe ƙofofi a rage ruwa. Sai dai wannan ma yana da nasa illar: a 1999 sakin ruwa daga Kainji da Jebba da Shiroro ya mamaye ƙauyuka da gonaki masu yawa. Na biyu shi ne yoyo ta cikin bangon ƙasa. Kowace madatsa tana ɗan tsatsafo, amma idan ruwan da ke fita ya ƙaru ko ya yi laka, alama ce yana kwasar ƙasar bangon. Na uku shi ne tsufan ƙofofi da injina, da kuma laka da ke taruwa tana rage cikin tafkin.

Ana kauce wa waɗannan ne ta hanyar auna ruwa kullum, da duba bango, da gwada ƙofofi kafin damina, da rage ruwa sannu a hankali tun da wuri, da kuma sanar da mazauna bakin kogi a kan lokaci cikin harshen da suke ji.

Kammalawa

Ɓallewar madatsar Bagauda a Kano a 1988 da ambaliyar Alau da ta shafe sassan Maiduguri a 2024 sun isa ishara. Kainji ta fi su girma nesa ba kusa ba, ga kuma madatsar Jebba kimanin kilomita 100 a ƙasanta, wadda duk ruwan da ya kuɓuce sai ya faɗa mata. Saboda haka kula da ita wajibi ne a kan hukuma, sauraron gargaɗi kuma wajibi ne a kan jama'a. Rigakafi dai ya fi magani.