DARASINMU NA WANNAN FITOWA: SAN MAI TITI KAFIN KA KAI KUKA

Darasinmu na yau a kan titi yake.

Abin da ya jawo maganar shi ne, ana saura kwana huɗu Babbar Sallah, wata motarmu ɗauke da raguna ta taso tun daga Paga, ta wuce Tamale, Tachiman da Kumasi lafiya lau, sai da ta shigo Ankara, cikin wani lungu bayan Kasuwar Malam Atta, ƙafarta ta baya ta zurma cikin gota da ta rufta. Raguna biyu suka karye, dole aka yanka su aka sayar wa mahauta a araha. Bayan Sallah muka tashi mu huɗu muka tafi wani ofis kai kuka. Muka yini a benci, can da la'asar aka ce mana, “Alhaji, ai wannan titi ba namu ba ne.” Muka dawo da haushi. Da muka bincika sai muka tarar gaskiya suka faɗa, mu ne ba mu san ƙofar da ya kamata mu ƙwanƙwasa ba. Don kada wani ya sake ɓata yininsa, ga abin da muka koyo.

NA FARKO: KOWANE TITI DA MAI SHI

Kamar yadda kowace saniya a kara take da mai ita, haka titi yake a ƙasar Gana. Kashi uku aka yi masa.

Manyan hanyoyin da suka haɗa gari da gari, irin wadda muke bi daga Paga zuwa Kumasi da ta Kumasi zuwa Ankara, an danƙa su ga Hukumar Manyan Hanyoyi, wadda aka kafa a 1974. Hanyoyin ƙauye, waɗanda ake fito da amfanin gona da dabbobi ta kansu, suna da nasu sashen. Titunan cikin birni kuwa, irin na Nima, Mamobi da kewayen Malam Atta, an kafa musu Sashen Hanyoyin Birane a 1988. A kan allon ofishinsu za ka ga an rubuta Urban Roads. Su ne ke aiki tare da majalisar gunduma, wadda muke kira asambili. A 2024 majalisar ƙasa ta zartar da dokar haɗe waɗannan uku wuri ɗaya, amma rabon titi kashi uku ɗin nan shi ne abin da za ka riƙe a ka.

Wani abu da ya rikita mutane da yawa shi ne, da can unguwanninmu duk suna ƙarƙashin babbar asambilin Ankara ne. A 2018 aka yanke Nima aka ba ta Ayawaso ta Gabas, Mamobi ta shiga Ayawaso ta Arewa. A 2019 aka kafa Ayawaso ta Tsakiya mai hedikwata a Kokomlemle, nan Kasuwar Malam Atta ta faɗa. Ke nan tafiyar da ba ta kai rabin awa a ƙasa ba, sai ka ratsa asambili uku, kowace da shugabanta da kasafinta.

NA BIYU: TUKUNYAR DA KUƊIN KE FITOWA

A 1985 gwamnati ta buɗe Asusun Hanya, aka kuma yi masa doka ta musamman a 1997, mai lamba 536. Dokar ta lissafa inda kuɗinsa za su fito: harajin da ke kan kowace litar fetur da gas, kuɗin tolget na hanya da gada da jirgin fito, kuɗin lasin da duba lafiyar mota, da kuɗin da motocin ƙasashen waje ke biya idan sun shigo. Mafi tsoka a ciki shi ne na mai.

To a nan mu tsaya. Duk tirelar da ta ɗauko shanu daga Burkina ko Nijar, ta biya a bakin iyaka, ta sha mai a Bolga, ta ƙara a Kintampo. Direba ya sa wannan a kuɗin mota, mu muka biya shi. Ashe kuɗin gyaran titi ba kyauta gwamnati ke yi mana ba, da guminmu a ciki. Wanda ya zuba adashi kuwa ba roƙo yake yi ba ranar kwasa.

A ƙarƙashin dokar 1997, ana raba abin da aka tara tsakanin sassan nan uku. Rabon birane shi ke zuwa ga injiniyoyin hanya na kowace asambili, su ba 'yan kwangila aiki. Idan an gama, injiniya ya duba ya sa hannu a takardar shaida, sannan a biya.

Ban da wannan akwai wasu ƙananan tukwane. Tsarin mulkin 1992 ya wajabta a ware abin da bai gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa ba a raba wa asambiloli. Akwai kuma abin da asambili ke tarawa da kanta: tikitin kasuwa, kuɗin rumfa, harajin gida da lasin sana'a. Tikitin da ake yankar wa mai tumatir a Malam Atta nan yake shiga. A 2017 an yi dokar Asusun Raya Zango. A 2024 kuma aka raba wa asambiloli injinan aikin hanya, su gireda da rola da tifa.

NA UKU: ME KUƊIN KE IYA YI, ME BA SA IYAWA

Aikin titi hawa uku ne. Akwai na yau da kullum: yashe gota, sare ciyawa, cike ramuka. Akwai na lokaci-lokaci: bayan 'yan shekaru a sake shimfiɗa kwalta a kan tsohuwa. Sai na uku, wato a fasa titi a sake shi tun daga tushe, ko a gina sabo. Wannan na ƙarshe yawanci ya fi ƙarfin rabon asambili, sai da kasafin ƙasa ko bashin waje. Misali shi ne aikin magance ambaliya na kwarin Odaw da Bankin Duniya ya amince da shi a 2019, na dala miliyan 200, wanda Nima da Alajo ke cikinsa.

Mu masu dabba mun fi kowa gane wannan. Allurar rigakafi kuɗinta kaɗan ne, amma idan ka bari ciwo ya shiga garke, sai ka sayar da sa ka yi jinyar saura. Haka titi. Babban maƙiyin kwalta ruwa ne. Gota ta toshe, ruwa ya kwanta, ya ratsa ƙasan kwalta ya jiƙa tushe, mota mai nauyi ta taka, sai rami. Rami ya tara ruwa, ya ƙara faɗi. Abin da buhun siminti kaɗan zai gyara a watan Maris, kafin ƙarshen Yuni ya zama aikin kwangila. Kuma ba dukiya kaɗai ke tafiya ba. Ba mu manta da daren 3 ga Yuni 2015 ba, da ambaliya da gobara suka haɗu a gidan mai na Sakul, mutum sama da 150 suka rasu. Allah ya jiƙan musulmin ciki, ya kiyaye gaba.

NA HUƊU: ME YA SA AIKI KE TSAYAWA

Sau da yawa za ka ga ɗan kwangila ya zube yashi da tsakuwa, ya tone gefe ɗaya, ya ɓace. Mukan ce ya ci kuɗin. Wani lokaci haka ne, amma sau da yawa ba a biya shi ba ne. A 2017 an yi dokar da ta ƙayyade abin da irin waɗannan asusu za su riƙe, ragowar ta koma baitulmali. A watan Nuwamba 2021 aka dakatar da karɓar kuɗin tolget. Ga kuma kwangilolin da aka bayar fiye da abin da ke cikin tukunya, bashi ya taru. A 2025 aka cire wa asusun wancan takunkumi, majalisa ta kuma zartar da sabuwar dokar asusun gyaran hanya a madadin ta 1997. Sunan tukunya ya sake, amma mai zubawa bai sake ba, mu ne dai.

NA BIYAR: NAMU LAIFIN

Kada mu nuna wani da yatsa ɗaya mu manta sauran suna kallonmu. Gwajin da injiniyoyi suka yi a Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa idan aka ninka nauyin da ke kan gatarin mota sau biyu, ɓarnar da yake yi wa titi tana kai kusan ninki 16. Ka ga lodin da muke ƙarawa don rage kuɗin mota, titi ne ke biya, daga baya ya karɓa a wurinmu da taya da sifirin. Haka nan zuba kashin dabbobi, ragowar harawa da leda a gota lokacin kasuwar Sallah. Tarihi ya nuna Nima kanta wurin ajiye shanun Malam Futa ce a shekarun 1930, kafin ta zama gari. Unguwar da sana'armu ta kafa, bai kamata sana'armu ta lalata ta ba. Malamanmu sun karantar da mu cewa kawar da abin cutarwa daga kan hanya yana cikin sadaka.

ABIN YI

1. Ka fara sanin titin na wane ne, kuma a wace asambili yake. Asambiliman na unguwa zai gaya maka.

2. A rubuta kuka a takarda da sunan ƙungiya, da sunan titi da alamar wurin, a haɗa da hoto. A kai wa asambiliman kofi, injiniyan hanya kofi, a sa a buga wa namu hatimi mu riƙe. Kowace asambili tana da kwamitin karɓar koke.

3. A kai da wuri. Kasafin baɗi tun bana ake haɗa shi, kafin shekara ta ƙare. Maganar yashe gota kuma a yi ta kafin ruwan Afrilu.

4. A nemi abin da zai yiwu. Wanda ya ce a rufe gota a cike rami ya fi kusa da samu a kan wanda ya ce a yi masa sabon titi.

5. A tambayi wane titi aka sa a lissafin bana. Dokar 'yancin samun bayani ta 2019 ta ba ɗan ƙasa wannan dama.

6. A adana rasit na duk abin da aka biya, a iyaka ko a kasuwa.

Takardarmu ta lungun bayan Malam Atta tana wurin sakatare. Duk wanda ke sauke kaya a wurin, ko daga Tulaku yake ɗaukowa, ya zo ya sa hannu kafin taron wata.

Allah ya tsare mu a hanya, ya sa albarka a nema.