Amsoshin Tambayoyinku: Jarrabawar Kod Kafin Farmi

Wani mai sauraronmu daga Belbeji ya aiko yana cewa: "Na daɗe ina jan mota a daji, yaya zan shirya wa jarrabawar kod?"

To Malam, mun gode. Iya riƙe sitiyari daban, sanin dokar hanya, wato kod, daban. Farmin tuƙin ƙaramar mota, wato rukunin B, sai mai shekara 18. Ka yi rajista a makarantar koyon tuƙi, oto-ekol, a Damagaram, ka nemi littafin kod. Da Faransanci yake, saboda haka ka samu mai fassara maka.

Fara da alluna. Mai kusurwa uku da jan baki gargaɗi ne, kamar inda dabbobi ke tsallaka hanyar Tanut zuwa Agadas. Zagayayye mai jan baki hani ne, shuɗin zagayayye umarni. Allon STOP kuwa, tsayawa cak. A mararrabar da ba allo, wanda ya fito ta damanka shi ke da hanya. Layin tsakiya in bai yanke ba, kada ka ƙetare shi don wuce wata mota.

Kullum bayan Isha'i ka yi bita, wani na tambayarka kana amsawa. Allah ya ba da sa'a, Malam.