Kuɗin ruwa: ka yi lissafi kafin ka ciyo bashin kiwo



Makon jiya wani ƙanina daga Sabon Tasha ya zo min da murna wai wani ƙaramin banki zai ba shi rancen N500,000 ya zuba tarwada, kuma ruwan "kashi 5 ne kawai". Na tambaye shi, kashi 5 a wata ko a shekara? Ya yi shiru. Da muka duba takardar, ashe a wata ne. Wato kashi 60 a shekara kenan.

Bari mu fara da inda abin yake tasowa. Babban Bankin Najeriya, CBN, yana da kwamitin da ke zama ya tsayar da ma'aunin kuɗin ruwa da ake kira MPR, kuma shi sauran bankuna ke kallo kafin su yanka nasu. Idan kaya suna ta tsada, sai a ɗaga shi don bashi ya yi wuyar ci, kuɗin da ke yawo a hannun jama'a su ragu. A farkon 2022 yana kan kashi 11.5. Zuwa Yulin 2023 ya kai 18.75. Bayan cire tallafin mai da faɗuwar naira, a ƙarƙashin Olayemi Cardoso aka yi ta ƙara shi har ya kai 27.5 a Nuwamban 2024, sai a Satumban 2025 aka ɗan rage zuwa 27. To, in a can sama abin ya kai haka, kai mai kaji ɗari biyu a bayan gida a Kakuri ko Narayi ba za a ba ka a ƙasa da haka ba, sai dai a ɗora. Shirin Anchor Borrowers da aka fara a Kebbi a 2015, mai ruwan kashi 9, CBN ya daina irinsa.

Yanzu mu koma kan N500,000 ɗin nan na wata shida. Akwai hanya biyu ta lissafi, kuma a nan ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Ta farko, ana cire kashi 5 daga asalin kuɗin kowane wata, ko da ka biya rabi: N25,000 sau shida, N150,000 kenan. Ta biyu, ana lissafa ruwan a kan abin da ya rage a kanka. Kana rage uwar kuɗi daidai wa daida kowane wata, ruwan gaba ɗaya zai tsaya a N87,500. Duka biyun sunansu "kashi 5", amma tsakaninsu akwai N62,500. Ka lissafa buhun abinci nawa ne wannan.

Abin da ya fi ruwan ma damuna shi ne lokacin biya. Tarwada tana ɗaukar wata huɗu zuwa shida kafin ta isa sayarwa, kuma a watannin ƙarshe ne take cin abinci kamar me. Kajin ƙwai sai sun kusa wata biyar kafin ka ga ƙwan farko. Shi kuwa banki daga watan farko zai fara nema, wani ma duk mako. Daga ina za ka biya? Daga kuɗin abincin kifin. Sai kifi ya tsumbure, ka sayar da araha, bashi na nan. Broila ce kaɗai nake ganin tana iya ɗaukar irin wannan rance, saboda sati shida zuwa takwas ta fita, shi ma sai in ka saita ta da kasuwar Kirsimeti ko ta Sallah kuma ka taɓa yin kiwon da kuɗinka. Wanda bai taɓa rainon 'yan tsaki ba, gaskiya ban ba shi shawarar ya koya da kuɗin banki ba.

Ɓangaren ajiya fa? Ƙa'idar CBN ita ce asusun ajiya ya samu aƙalla kashi 30 cikin ɗari na MPR, wato wajen kashi 8 a shekara lokacin da yake 27.5. N500,000 za ta haifar maka kusan N41,000. Amma a Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8, ma'ana abin da N500,000 ta saya shekara guda kafin nan sai ka nemo wajen N674,000. Lambar ta ƙaru a waya, buhunan da za ta saya sun ragu. Shi ya sa wasu ke sayen masara da waken soya da kaka su ajiye. Dabara ce, amma ba kullum take ci ba: a 2025 masara ta faɗi, waɗanda suka ɓoye da tsada sun ji a jikinsu. Abincin da aka riga aka haɗa kuma ba ya son daɗewa, yana yin funfuna.

Masu guje wa ruwa saboda addini akwai Jaiz da TAJBank da Lotus, inda banki ke sayen kayan ya sayar maka da riba sananniya. Nan ma ka tambayi jimillar abin da za ka biya. Bankin Manoma, BOA, hedikwatarsa a nan Kaduna take, tsallaka gada ne kawai, ka je da ƙafarka ka ji sharuɗɗansu.

Shi ƙanin nawa dai mun tsaya a kan zai fara da tarwada 300 da kuɗin adashinsa, a tankin roba guda.