Ɗan Kallo a Matsayin Shaida: Nazari a Kan Wasan Kwaikwayon Masu Laifi a Talabijin

Manazarta wasan kwaikwayo sun fi mai da hankali ga jigo da zubi da halayen 'yan wasa, ba safai suke waiwayar ɗan kallo ba. Wannan maƙala za ta dubi abin da ke harzuƙa shi idan aka nuna wasan sata da shari'a, musamman a garuruwa irin su Boɗinga da Shagari, da ke kan hanyar da ta fita Sakkwato ta yi kudu.

Bayan kafa hukumar NTA a 1977, wasanni irin su Idon Matambayi na Sakkwato da Kuliya Manta Sabo na Kano sun sami karɓuwa ƙwarai. A lokacin akwatunan talabijin kaɗan ne a ƙauyuka, saboda haka kallo na taro ne. Wannan yana da muhimmanci, domin a taro ba a kallo da baki rufe.

A ɗauki misalin wasan da aka sace akuya da dare. An nuna wa ɗan kallo fuskar ɓarawon, an nuna masa mahaucin da ya saya. A fitowa ta gaba sai ga su gaban alƙali, mai akuya ba shi da shaidu, wanda ake tuhuma ya musanta, ya rantse, aka sallame shi, shiri ya ƙare sai mako mai zuwa. A nan ne za a ji wani dattijo ya zabura yana cewa, "Wallahi shi yas sace ta!" har ya rantse ba ya ƙara kallo. Mako na zagayowa kuwa shi ne a sahun gaba.

Wasu kan ɗauka cewa mutumin ya kasa bambance wasa da gaske ne. Wannan fassara ba ta yi masa adalci ba. Marubucin ne ya sa shi ya ga laifin da idonsa, sannan ya hana shi bakin faɗa a kotu; wato ya mai da shi shaidar da ba a kira ba. Alƙalin wasan kuma bai kauce ba, domin a fiƙihun Malikiyya mai da'awa ke kawo hujja, wanda ya musa ke rantsuwa, alƙali kuma ba ya hukunci da saninsa. Ba baƙon ilmi ba ne wannan a Boɗinga, inda Abdullahi ɗan Fodiyo, mawallafin Liya'ul Hukkami, ya zauna, ga kuma Sifawa kusa, inda Shehu ya karantar kafin ya koma Sakkwato a 1815. Dattijon ya san ƙa'idar sarai, ya dai ɗanɗana ɗacinta ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne yanke shirin a daidai sallamar ɓarawo. Dabara ce ta jan rai, amma wanda rashin wuta ko aikin gona ya hana shi ganin kashi na biyu, abin da zai riƙe shi ne kotu na sakin ɓarayi. Mai wannan fahimta, ranar da aka yi ihun ɓarawo a kasuwar Shagari, da wuya ya kasance cikin masu cewa a dakata a kai shi ga hukuma.