Shawarwari Ga Gidajen Zangouettin Kafin Shiga Ƙungiyar Manoma Mai Tallafi

Tun da aikin ZACA na sake fasalin tsakiyar Wagadugu ya rushe unguwar Zangouettin a 2003, aka mai da jama'a Nioko da gefen Ouaga 2000, gidaje suka warwatsu amma sana'a na nan. Akwai mai lambu a bakin dam na Tanghin, akwai mai gona wajen Koubri, akwai uwargida mai sarin wake a kasuwar Sankariare. Masu tallafi kuwa ba su daina zuwa da ayyukan haɗa kan manoma ba. Kafin gida ya sa hannu, a duba waɗannan.

1. Ku fara tambayar ranar da tallafin zai ƙare, kafin yawan kuɗin. Yawancin ayyukan nan 'yan shekaru ne, sai motocinsu su tafi. Ƙungiyoyin Naam da Bernard Lédéa Ouédraogo ya fara a Yatenga a 1967 sun ɗore ne domin a kan gayyar gargajiya aka gina su, kuɗin waje daga baya ya iske su. Ƙungiyar da aka kafa jiya don an ji ƙamshin kuɗi, ku yi nesa da ita.

2. Ku nemi ganin takardar rajista. Dokar OHADA ta 2010 kan ƙungiyoyin haɗin gwiwa ta yarda mutum 5 su kafa ƙaramar ƙungiya, SCOOPS, babbar kuwa sai da mutum 15. Kowane mamba ƙuri'arsa ɗaya, ko Alhaji ne mai buhu ɗari.

3. Jinginar hatsi ita ce abin da na fi ganin amfaninsa. Da kaka farashi a ƙasa yake, ga kuɗin makaranta, ga biki, sai manomi ya karyar da masararsa, ya dawo da bazara yana sayenta da tsada. A wannan tsari, wanda ya fara ƙarfi a Nijar kafin ya bazu a Burkina, kowa zai kai buhunansa sito da sunansa a jiki. Ƙofar kwaɗo biyu gare ta: makulli ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun lamuni, ba mai buɗewa shi kaɗai. Ana ba da rance ƙasa da darajar hatsin, a yi kiwon rago ko noman rani da shi, bayan kamar wata shida a biya a kwashe kaya. Amma kada gida ya jinginar da abin tuwonsa. Rarar kawai ake kaiwa. Kuma farashi ba kullum yake tashi ba: shekarar da aka yi albarka ko'ina, ko gwamnati ta fito da hatsin rahusa, riba takan ƙare a kuɗin ajiya. Batun kuɗin ruwa kuma ba abin kau da kai ba ne a gidan Musulmi. A tambayi malami, a kuma nemi bankunan Wagadugu masu sashen Musulunci.

4. Wake sai buhun PICS mai riɓi uku. A shanya ya bushe ƙayau, a ɗaure kowace leda daban, ƙwaro ya mutu ba tare da magani ba.

5. Injin ban-ruwa na kowa da kowa yakan zama na ba kowa. Tun ranar farko a buɗe asusun gyara, duk wanda ya ɗauka ya zuba wani abu, a rubuta.

6. A nemi mai saye tun kafin a shuka. Hukumar ajiyar hatsi ta gwamnati, SONAGESS, na sayen hatsi daga ƙungiyoyi, sai dai tana son kaya mai tsabta, kuma biyan hukuma yakan ɗauki lokaci, don haka kada a kai mata duka. A nan ne mutanen Zango suka fi kowa jari: jikokin fataken goro ne, sun san dillalai, sun san hanyar Pô zuwa Kumasi. Ƙungiyar da ke da albasa ta sa ɗan kasuwarta a kwamitin sayarwa, da sharaɗin a yi awo da sikeli a gaban kowa.

7. Maigida, bar uwargida ta shiga da sunanta, buhunta daban, littafinta daban. A taron shekara kuma a karanta lissafi da Hausa da Mosanci, kada a tsaya ga Faransanci, don wadda ba ta yi boko ba ta ji inda kuɗinta ya kwana.