Darasi Daga Farin 1973: Taimakon Ƙasashen Waje

Dattawanmu na Kademi, Gaya da Ajingi ba su manta da farin 1973 ba. Gero da dawa sun bushe a gona, dabbobi suka yi ta mutuwa daga nan har cikin Nijar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, saboda haka Amurka, Faransa da Majalisar Ɗinkin Duniya suka aika da hatsi ƙasashen da yunwa ta fi tsanani. Abubuwa biyu za mu koya.

Na farko, kayan agaji amana ne. A Nijar an zargi wasu manyan gwamnati da karkatar da hatsin talakawa. Wannan zargi yana cikin dalilan da sojoji suka bayar ranar 15 ga Afrilu, 1974, da Seyni Kountché ya hamɓarar da Shugaba Diori Hamani.

Na biyu, ba kowane taimako ne kyauta ba. Hatsin gaggawa yana tsai da yunwa, amma farfaɗo da ƙasar noma sai da kuɗi mai yawa. A Disamba 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL a jihohin Arewa 19 da Abuja, har da Kano. Rance ne, kuma mu ɗaliban yau muna cikin masu biyansa.

Don haka in an ce taimako ya iso, mu tambaya: nawa ne, kyauta ne ko bashi, kuma a hannun wa yake?