Finafinan Yaƙin Ramuka da Suka Cancanci Kallo

Yaƙin ramuka ya fi shahara a Yaƙin Duniya na Ɗaya, 1914 zuwa 1918, lokacin da sojoji suka haƙa ramuka daga gaɓar tekun Beljiyam har iyakar Suwizalan, suka zauna cikinsu shekara da shekaru tsakanin laka, ɓeraye da ruwan igwa.

Mai son fahimtar wannan rayuwa ya fara da All Quiet on the Western Front na 1930, wanda Lewis Milestone ya ba da umarni. An ɗauko shi daga littafin Erich Maria Remarque, labarin ɗaliban Jamus da malaminsu ya zuga suka shiga soja, suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. An sake shirya shi da Jamusanci a 2022, ya ci kyautar Oscar huɗu, amma tsohon ya fi shiga zuciya.

Paths of Glory na Stanley Kubrick, 1957, ya karkata ga zaluncin manyan hafsoshi. Hari ya ci tura, sai aka zaɓi sojojin Faransa uku aka harbe su da sunan ragwantaka, don janar ɗinsu ya wanke kansa. Fim ɗin Sam Mendes mai suna 1917 kuwa an ɗauke shi kamar kyamara ba ta taɓa tsayawa ba.

Wanda ya fi son gaskiyar tarihi ya nemi They Shall Not Grow Old na Peter Jackson, 2018, inda aka gyara ainihin hotunan yaƙin aka sa musu launi. Akwai gawawwaki a ciki, bai dace da yara ba.